Wanda Zai Tare wa Yurani Iska

Ranar da Yurani ta fara ganin Ferney, a ƙasa ta gan shi, zaune dirshan a gefen kwalta, sarƙar kekensa ta zame, hannuwansa duk baƙin mai. Ta tsaya ta mayar masa da sarƙar. Ita 'yar Don Arcadio ce, tsohon ɗan tseren keke mai gyaran kekunan garin Sotavita, kuma ta iya facin taya tun kafin ta iya taje kanta.

"Na gode," in ji shi. Da ya rasa abin ƙarawa sai ya zaro alewar gwaba daga aljihu ya miƙa mata, har da shatin yatsunsa a jikin ganyen da aka naɗe ta da shi.

"Da baƙin mai ake cinta a gidanku?"

"Sai in mun yi babbar baƙuwa."

Ta yi dariya ta hau kekenta. Sai da ta kai gada ta lura zuciyarta na bugawa, alhali babu wani hawa a wajen.

Hanyar keken Sotavita tsohon layin dogo ne da aka malala wa kwalta. Ta zagaye gari, ta ratsa gonakin dankali da albasa, ta bi bakin tafki ta ɓullo bayan coci. Ba mota, ba babur, sai saniya in ta ga dama. Ranar Lahadi in an taso coci, 'yan mata kan bi ta dama, samari ta hagu, a yi ta gamuwa ana satar kallo. Saurayin da ya zo da gaske ba ya buɗe baki. Juya kekensa yake yi ya biyo yarinyar, in an zo bakin tafki, inda iska ke dukan ƙirji ba sani ba sabo, sai ya sha gabanta ya tare mata iskar. Tsofaffi na rumfar Doña Hermelinda, mahaifiyar Yurani, suna kurɓar ruwan mazarƙwaila da cuku, idonsu a kan hanya. Da sun gani magana ta ƙare, saura iyaye.

Makonni suka shuɗe ana gamuwa ana murmushi, ana musayar saƙo. Shi yana ce mata Guguwa, ita tana ce masa Kunkuru. Sai wata Lahadi Ferney ya juya kekensa.

Yurani na tafe da Maryuri, 'yar gwaggonta, ta ji kukan sarƙar nan da ta sani a bayansu. To ita kuma haka Allah ya yi ta, in ta tsorata ƙafafunta ne ke tunani. Ta sunkuya ta taka feda, ba ta waiga ba sai da tafki ya ƙare.

Abin da ta gani ya ɗaure mata kai. Ga Ferney a tsakiya yana haki, yana bayanta ita, yana gaban Maryuri. Maryuri kuwa baki har kunne.

Kafin a ci abincin rana gari ya rabu biyu. Gwaggo Dioselina ta faɗo gidansu ko bargon ulunta ba ta gyara ba.

"Yaya, ka gani? Ferney ɗan masu madara ya tare wa Maryurina iska."

"Ni abin da na gani," in ji Don Arcadio, bai ɗago daga tayar da yake ɗaurewa ba, "ƙato ya laɓe a bayan 'yata, ita ke shan iska dominsa. Kaska raɓi mai jini. Wanda ya ɓuya bayan mace a kan keke, a gida ma bayanta zai ɓuya."

Yurani ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Ita ya biyo ko Maryuri? In ita ce, me ya hana shi wucewa? In Maryuri ce, alewar gwabar nan da yake ajiye mata a kan turken gada ta mece ce? Tana cikin haka wayarta ta yi ƙara.

"Guguwata, kin isa gida lafiya?"

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Ka yi ɓatan lamba. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya kai da Maryuri."

Amsa ta zo da tsawo: "Ni ban san me ke faruwa ba. Mama na kukan murna, gwaggonki ta aiko mana da kaza, babanki ya ƙi amsa gaisuwata. Dominki na juya. Na yi iya yina in wuce ki har na ga taurari da rana tsaka. Ba kya kamuwa, Yurani."

"To me ya zaunar da kai a gaban Maryuri?"

"Ina zan je? Tafki a dama, shingen waya a hagu."

Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun.

Washegari ta sami Maryuri tana ɓare wake a ƙofar gida. Maryuri ba ta ɓoye komai ba.

"Na san ba ni yake kallo ba, ai ina da ido. Amma 'yar uwa, kin san daɗin a tare miki iska? Mama ta ce in Lahadi ta wuce a haka za ta kai sunayenmu coci wajen Fada a sa ranar aure. Shi kuma kin san kunyarsa, ba zai iya kunyata ni a gaban gari ba. In kin bar shi, ni fa ba zan bar shi ba."

Yurani ta koma shagon mahaifinta ta tsaya a kansa har ya gaji ya ɗago.

"Baba, ni yake so. Kamo ni ne ya kasa."

"To ya kamo ki. Ya wuce ki a bakin tafki, in ɗauke ki in ba shi da hannuna." Ya nuna ta da sifana. "Amma kin san gidan nan, ba ma ba da tsere kyauta. Ko ni ba ki raga wa ba ranar da kika wuce ni."

Gaskiya ne. A ranar har hawaye ya yi don alfahari, ya zagaya da ita gari. Kuma kowa ya san birkin kekenta, in ta taɓa shi ihu yake kamar an kama alade. Ta sha roƙonsa ya gyara, sai ya ce ɗan tsere me zai yi da birki.

Duk makon Ferney ya yi ta zagaye da garwar madara a bayan keke don ƙafa ta yi ƙarfi. Ranar Asabar ya rubuto: "Kada ki rage gudu domina. In na kasa, na kasa. Amma ki sani ko na rasa ki, ke na biyo."

Ta rubuta masa: "Ka ci abinci sosai, Kunkuruna." Ba ta san me kuma za ta ce ba, don ita kanta ba ta san abin da za ta yi ba.

Lahadi rumfa ta cika har da masu tsayuwa. Ferney ya juya. Ya wuce Maryuri tun a gonar albasa. Da suka shigo bakin tafki iska ta taso, Yurani ta ji numfashinsa a kafaɗarta. Tayarsa ta zo daidai fedarta, ta tsaya nan, sai ta fara komawa baya.

Ta hango hular mahaifinta a rumfa. In ta ja birki gari duka zai ji, a ce 'yar Arcadio ta sayar da tsere saboda namiji. In ba ta ja ba, gobe sunan Ferney na hannun Fada tare da na wata. Ta runtse ido ta damƙe birkin, tana jiran ihun.

Shiru. Keken ya lafa a hankali, Ferney ya wuce kamar an harba shi, ya sha gabanta. Iskar ta ɗauke daga ƙirjinta. Tunda take, ba ta taɓa jin bakin tafki da sauƙi haka ba. Ta sunkuya ta dubi birkin, sai ta ga robarsa sabuwa ce dal.

Rumfa ta kaure da tafi. Gwaggo Dioselina na tambayar wa zai dawo mata da kazarta. Yurani ta ja keken zuwa gaban mahaifinta, ta kasa haɗa ido da shi.

"Baba, wa ya taɓa mini birki?"

Ya kurɓi ruwan mazarƙwailarsa, ya rage murya. "Uwarki ma birki ta ja. Nata ya yi ƙara, har yau tsofaffin nan ba su daina yi mini dariya ba."

"Da ban ja ba, da har yanzu yana bayana yana haki," in ji Doña Hermelinda, ta tura wa Ferney wainar masara mai zafi. "Ci, ɗana, ka sha wuya."

Bayan an haƙe dankali aka ɗaura auren. Maryuri ce babbar ƙawar amarya, ta yi fushinta na mako guda ta huce. Daga coci ango da amarya suka hau kekunansu, an ɗaure mata lallausar rigarta a gwiwa, gari duka na biye da ƙararrawa. Don Arcadio ya dafa kawunansu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su 'ya'ya masu ƙafa, ya sa kada iska ta taɓa samun su a rabe.

Da suka iso bakin tafki Ferney ya shiga gaba. Can tsakiya ya waigo yana haki.

"Guguwata, ki karɓe ni kaɗan."

Ta wuce gaba tana dariya, ya laɓe a bayanta. A rumfa Don Arcadio ya ga komai, ya juya ya ce a ƙaro masa cuku.