Mai Ƙorafi da Injiniya

Ranar da Auta ta fara hawa benen nan, da faɗa ta je. Malamar girki ce a makarantar koyon sana'a ta mata, kuma ita ta sa ɗalibanta suka yi rajista a wata sabuwar manhajar girke-girke, inda mace za ta saka yadda take abincinta, wasu su gwada su yi mata sharhi. Tun daga ranar ba ta huta da mitar matan ba.

Ofishin masu manhajar ɗaki ɗaya ne a saman shagon taya. Fanka na juyawa kamar an yi mata dole, ga kofunan shayi da suka bushe a kan tebur. Wani dogon saurayi, injiniyan kamfanin, ya ɗago daga kwamfuta, idanunsa jajir.

"Wa ya yi abin nan?" ta tambaya tana ɗaga waya.

"Ni ne, Malama."

"Ka taɓa kwaɓa fulawa?"

"A'a."

"Shi ya sa. Ina tsakar kwaɓi, hannu dama-dama, sai fuskar waya ta mutu. Da me zan taɓa ta? Da hanci?"

Ta zata zai kare kansa. Sai ya yi wata gajiyayyar dariya, ya ja mata kujera, ya ce ta faɗi duk sauran. Ta faɗa, ta faɗa, har wuyanta ya bushe, shi kuwa yana kallonta kamar mai jin labari mai daɗi.

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo:

"Malama Mai Ƙorafi, na gyara. Fuskar ba za ta ƙara mutuwa ba sai kin gama. Ki bar hancinki ya huta."

Ta karanta a tsaye a bakin murhu, ta yi murmushi ba ta shirya ba.

Ogan kamfanin, wani mai yawan magana da son sababbin abubuwa, ya ce ta riƙa kawo musu ra'ayin mata duk mako. Haka aka shiga. Suka sa awo da giram, mata suka ce su kofi da cokali suka sani, Injiniya ya sauya. Suka sa taurarin yabo, sai ga aminai sun daina gaisawa saboda wata ta ba wata tauraro biyu. Ya cire taurari, ya sa maɓallin "Na gwada". Hotuna suka riƙa cinye data, ya zauna ya rage musu nauyi. Duk abin da aka gama ranar Litinin, kafin Juma'a an sake kwance shi.

"Ba ka gajiya?" ta tambaye shi wata rana suna saukowa daga bene.

"Na gaji tun bara," ya ce. "Amma in na ga kin shigo da fuskar faɗan nan, sai in ji kamar na yi barci."

"Kai dai ka iya baki, Injiniya."

"Wallahi ban iya ba. Wannan ma tun safe nake haɗa ta."

Daga nan saƙonnin suka daina zama na aiki kaɗai.

"Mai Ƙorafina, kin ci abinci, ko kin koya wa mutane kin manta da kanki?"

"Na ci. Kai fa? Kar ka ce min biskit."

"To ba zan ce ba."

Da maganar soyayyarsu ta kai gida, Mama ta yi murna, Baba kuwa ya tsuke fuska. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai son abu ya tsaya inda aka ajiye shi. Ya kira Auta falo.

"Na tambaya an faɗa min. Yaron nan kullum aikinsa gyara abin da ya gama jiya. In kamfanin ya rushe gobe fa? Ba zan yi miki dole ba, Auta, amma ban yarda da shi ba. Ga ɗan abokina mai kemis, shagonsa a tsaye, kowa na gani."

"Baba, shi nake so."

"Na ji. Ki je ki yi tunani."

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ko kukan ma ba ta da ƙarfin yi.

Ana cikin haka masu zuba jari suka ce manhajar ta cika surutu, a mayar da ita ta gajerun bidiyo irin na zamani. Auta ba ta san an yi wannan zaman ba. Wata safiya ta shiga aji ta tarar da mata sun yi cirko-cirko, kowa da waya a hannu. Duk sharhin da ke ƙarƙashin girke-girkensu ya ɓace.

Wadda ta fi ba ta tausayi ita ce wata dattijuwa da suke kira Inna, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka yi nisa. Inna ta saka yadda take miyar kifi, mata da yawa suka gwada suka rubuta mata godiya, kullum da safe sai ta sa tabarau ta karanta su kafin ta karya.

"Malama," Inna ta ce a hankali, "ko laifi na yi aka share min mutanena?"

Auta ta kira Injiniya, bai ɗauka ba. Ta kira Oga, ya ce, "Ai shi ya cire da hannunsa, tun makon jiya ya sani." Ta tsaya a bayan aji ta rubuta:

"Ka sani, muka yi hira jiya, ka yi shiru."

Amsarsa ta shigo:

"Na sani. Ki yi haƙuri."

Ba ta ƙara rubuta masa komai ba. Ya kira, ya sake kira, ta kife wayar. Ta daina hawa benen. Mai kemis ya fara zuwa da yamma, yana zama a falo yana ba ta labarin sabon reshen da zai buɗe. Mutumin kirki ne, ba shi da laifi, amma tana jinsa ne kamar rediyon maƙwabta. Ta rame, murya ta dushe, a aji ma sai ta tsaya riƙe da ludayi ta manta abin da za ta ce.

Mama ta same ta a kicin tana yanka albasar da babu mai buƙata.

"Auta, kin ji ta bakinsa kuwa?"

"Me zai ce, Mama?"

"Ni ma ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba."

Wata ranar Laraba ana tsakar darasi aka yi sallama a ƙofar aji. Injiniya ne, riga duk ta yamutse, ya fi ta ramewa. Bai dube ta ba, gaban Inna ya je ya durƙusa.

"Inna, ni na cire saƙonninki. An ce in cire, na yi gardama aka fi ƙarfina. Amma ban goge ko ɗaya ba, na adana su. Na roƙi a bar ni in nuna abin da zai faru, kuma ya faru, mata sun daina shiga. Yau da safe masu zuba jarin suka yarda a mayar. Duba wayarki."

Inna ta lalubo tabarau. Ta duba, ta duba, sai ta rufe baki da gefen mayafi. Aji ya kaure, wata har da buga murfin tukunya.

A waje, gefen famfo, Auta ta harɗe hannu.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya. Ke kika tara matan nan, ni kuma na kasa tsare miki su. Na ce sai na gyara zan iya kallon idonki."

"Kai komai sai ka gyara shi kai kaɗai? Da ka faɗa min, da mun yi faɗan tare. Shirun ne ya yi min ciwo, ba sharhin ba."

"Na yi kuskure, Mai Ƙorafina. Ba zan sake ba."

"Za ka sake wani daban," ta ce, hawaye na zubo mata tana dariya. "Amma ka riƙa faɗa."

A ranar ta ba mai kemis haƙuri da bakinta. Ya ji zafi, amma ya yi mata fatan alheri.

Mama ce ta yi ta bin Baba da magana har ya yarda a kawo masa yaron. Injiniya ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye. Baba ya dube shi.

"Aikin nan naku, yaushe zai ƙare?"

Auta na bayan labule tana saurare. Ta so ya ce nan da wata shida, ko baɗi, ko dai wani abu.

"Baba, ba ya ƙarewa. Kuma ba zan ce maka kamfanin ba zai faɗi ba, don ban sani ba. Abin da na sani, sana'ar tana hannuna, in nan ya rufe zan yi ta a wani wuri. Ba zan bar ta da yunwa ba, ba kuma zan ɓoye mata halin da muke ciki ba. Na taɓa yi, na ga abin da ya jawo."

Baba ya cire hula ya shafa kai.

"Na shirya jin ƙarya, ka hana ni," ya ce. "Har yanzu aikin bai kwanta min ba. Amma kai ka kwanta min. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure ba da wani babban taro ba. Matan aji suka karɓe kicin suka kori kowa, Inna ce shugaba, har Oga sai da ta sa shi ɗaukar kujeru. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta ya yi musu addu'a.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku haƙuri da juna, Ya sa in kun gaji ku gaji tare."

Washegari da hantsi suna zaune a sabon ɗakinsu, akwatuna ko buɗe su ba a yi ba, labule ɗaya a rataye ɗaya a ƙasa. Wayar Injiniya ta yi ƙara. Oga ne, wai hotuna sun ƙi buɗewa a manhaja. Injiniya ya fara waige-waigen kwamfuta, sai Auta ta miƙa hannu ta karɓi wayar.

"Oga, ina kwana. Matarsa ce. Sai jibi."

Ta kashe, ta tura wayar ƙarƙashin matashi. Ya dube ta, ya buɗe baki zai yi magana, sai hamma ta riga shi. Ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta, kafin shayinsu ya huce duk su biyun sun yi barci.

Allah Ya bar su tare, Ya albarkaci gidansu da zuriyarsu.