Takalmin da Aka Bari a Bakin Ƙofa

Tsufa ya cinye mini wani sashe na labarin nan. Na manta shekarar, na manta ko da damina ne ko da rani. Abin da ya rage shi zan faɗa.

Maƙwabcina mai sayar da takalma yana da 'ya, Auta. Ranar da saurayinta, wani malamin makaranta da ake kira Dogo, ya zo gaishe da iyayenta, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya shiga falo. Tsohon ya dawo daga shago, ya tsaya a kan takalmin ya daɗe yana kallo.

"Na gane ka," in ji shi da ya shiga. "Kai ne ka sa na hau tsani na sauko da kwali bayan kwali. Ka gwada, ka ɗauki hoto da waya, ka ce za ka dawo."

"Baba, wallahi..."

"Ka je ka yi oda a intanet! Wanda ya yi mini haka a kan takalmi, 'yata zan ba shi ya gwada?"

Auta ta fashe da kuka a bayan labule. "Baba, a shagon nan fa muka fara ganin juna!"

"Shi ya sa. Ke ma hotonki ya ɗauka."

Uwar ta sa baki: "Haba Malam, yaran yanzu duk haka suke sayayya."

"Shi ya sa shagona ya zama ɗakin gwaji."

Aka hana su haɗuwa. Ina ganin Auta da yamma tana goge ƙurar kwalaye, idonta na kan titi. Ta rame. Ni ma sai ta tuna mini da wata da na taɓa jira haka, amma wannan wani labari ne.

Shi kuwa Dogo, takalmin da aka kawo masa daga intanet jabu ne, ga shi ya matse shi. Ya nemi a canza, babu mutum sai na'ura mai cewa "ana duba ƙorafinka". Bai yar da shi ba. Kullum in ya tashi daga makaranta sai ya biyo ta gaban shagon yana ɗingishi, ya durƙusa ya gaida tsohon, ya wuce. Tsohon ba ya amsawa, amma idonsa na bin ƙafar.

Wata rana tsohon ya kasa daurewa.

"Kai! Zo nan. Zauna. Cire wannan masifar."

Duddugen duk ya sale. Tsohon ya riƙe ƙafar yana girgiza kai.

"Wayar taka ba ta gaya maka ƙafarka ta hagu ta fi ta dama faɗi ba?"

"Ba ta taɓa riƙe ta ba, Baba. Na ce zan dawo ban dawo ba. Ka yafe mini."

Tsohon ya ce, "Auta, kawo ruwan ɗumi." Ya ƙara da cewa, "Kai kuma ka turo manyanka."

Yara, ku riƙe wannan: wanda ya ba ku lokacinsa ya ba ku abin da ba a saye, kada ku raina shi. Mai haƙuri kuma shi ke dafa dutse.

Bayan biki na tambayi uwar, ta tabbatar mini: Auta ce ta aika wa Dogo cewa kada ya kuskura ya canza takalmin nan. Ta san ubanta ba ya iya kallon ƙafa tana wahala.