Hajiya Ta Bi Sawun Surukarta

"Ki ajiye fasfon nan, ko ki ajiye min ɗana!"

Hajiya ce tsaye a ƙofar ɗaki, ta dogara da sandarta tana huci. Surukarta, wadda mijinta Tela ke kira Tsuntsuwa, ta ci gaba da ninke kaya cikin akwati. Aikinta raka tsofaffin mata masu ciwon gwiwa da baya zuwa wuraren jinya: bara tafkin gishiri a wata nahiya, bana ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga dutse a wata.

"Ki gafarce ni Hajiya, ba zan ajiye ko ɗaya ba."

"Iye! Tela, ka ji ta ko? Matar aure tana gantali ƙasa-ƙasa, wai wanka! Ruwan gidan nan ya ƙare ne? Sake ta!"

Tela ya durƙusa, idanunsa sun kaɗa. "Hajiya, komai kika ce zan yi, ban da wannan. Da izinina take tafiya, kuma ina son matata."

"An shanye ka!"

Tsuntsuwa ta share hawaye, ta miƙe. "Tunda zargi ne, ki zo mu tafi, akwai tikiti. In kika ga abin kunya, ni da bakina zan nemi saki."

"Zuwa kuwa zan yi, 'yar nema!"

Wallahi ta je. Tun daga jirgi ta ɗaure fuska tamau, ko ruwan surukar ba ta karɓa. A bakin ruwan zafin ta zauna kan benci, ta kafa ido tana jiran tsiraici.

Ina! Mata ne zalla. Tsuntsuwa ta fara shiga, ta gwada zafin da gwiwar hannu, sannan ta riƙa jawo tsofaffin ɗaya bayan ɗaya tana tafiya da baya, hannuwansu cikin nata. Kowace da doguwar riga har idon sawu, kuma ko kaɗan ruwan bai ɗaga rigunan ba.

Hajiya ta jawo wata riga da ta rage a bencin, ta ji bakin rigar da nauyi. An jera ƙananan duwatsu a ciki, an ɗinke. Ta juya ɗinkin ta duba. Ko cikin duhu ta san hannun ɗanta.

"Shi ya ɗinka?" ta tambayi Tsuntsuwa.

"Duk tafiya shi yake yi, Hajiya. Ya ce kada ruwa ya tona asirin uwar wani. Wannan taki ce, ya auna da tsohuwar rigarki."

Sai ga hawaye a idon Hajiya. Can ta zura rigar, ta miƙa hannuwa biyu tana harara. "To riƙe ni da kyau, saura ki sake ni!"

Ranar da suka dawo, yayan Tela ya tare su a falo. "Hajiya, me kika gano? A rubuta takardar sakin?"

"Rubuta ka ba matarka! Ni da gwiwata ta saki, na samu na yi sujada babu kuka? Ke Tsuntsuwa, baɗi ina muka nufa?"

Tela ya kalli matarsa, dariya da kuka suka haɗe masa.

Jama'a, kada a yanke wa aure hukunci daga bakin ƙofa. Mai haƙuri da gaskiya ba ya buƙatar rantsuwa, a zo a gani kawai.