Farantin Kwakwa

"Girija, zo ki gaida yayanki."

Girija ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin koyarwa da kofin gahawa a hannu. Ta duba dama, ta duba hagu. Ba ta da wa, ba ta taɓa yi ba.

Madhukar ne kwance rub da ciki a gaban mahaifinta, goshinsa a kan ƙafafun tsohon. A gefe ga faranti cike da kwakwa da ayaba da ganyen tauna.

"Wane yaya, Appa?"

"Wannan. Daga yau na karɓe shi ɗalibi, ɗana ne. Ki riƙa ce masa Anna, wato yaya."

Gahawar ta zubo mata a yatsa, ba ta ji zafin ba.

Mahaifinta Sheshachar, wanda ɗalibai ke kira Guru, ya shekara arba'in yana koyar da yoga, motsa jiki da sarrafa numfashi, a Maisuru ta ƙasar Indiya. A ɗakinsa ba a ɗaga hannu sai da shaƙar iska, ba a sunkuyawa sai da fitar da ita. Masu zuwa suna da yawa, amma waɗanda ya ɗora wa hannu a ka ya kira su 'ya'ya ba su cika yatsun hannu ba. Kuma kowa ya sani, 'yar malami ƙanwar ɗalibi ce.

Bayan labule, Atte Padmakka, ƙanwar mahaifinta, tana yankan albasa tana murmushi.

Girija ta tare Madhukar a tashar bas kafin ya tafi shagonsa na turaren tsinke.

"Me ka aikata?"

"Zinariyata, tsaya ki ji..."

"Kar ka ce min zinariya. Ƙanwarka ce ni yanzu, ko ba ka ji ba?"

"Atte ce ta ce ta yi wa Guru magana, in zo da faranti da safe. Kwakwa, ayaba, ganye. Ba su ake kaiwa neman aure ba?"

"Su ake kaiwa neman aure. Su ake kaiwa neman karatu. Su ake kaiwa haikali. Ba ka tambaya wanne ba?"

"Na ɗauka..."

"Da ya ɗora maka hannu a ka fa?"

"Na ɗauka albarka ce ta suruki."

Ta rufe ido. Ita ta kawo shi gidan da kanta. A shagon ta fara ganinsa, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa saboda ƙurar turare, abin shaƙar asma a aljihu. Ta yi dabara: ya zo neman lafiya, Appa ya saba da shi, sannan iyayensa su zo neman aurenta. Appa kuwa ya saba da shi har ya wuce inda ake so.

"Madhukar, Atte tana da ɗa, Jayanna. Tun ina goye take cewa ni matarsa ce. Ta kai takardun haihuwarmu wurin mai duban taurari."

"To yanzu ya za mu yi?"

"Ka sa ya kore ka."

"Guru?"

"A'a, direban bas."

Ya gwada, ba za a ce bai gwada ba.

Ya zo a makare. Sheshachar ya sallami sauran, ya zauna da shi shi kaɗai har rana ta take.

Ya cika cikinsa da waina da miyar kwakwa kafin darasi, ya sunkuya ya yi gyatsa. Tsohon ya ce laifin abincin kasuwa ne, daga yau a gidan zai riƙa karyawa. Girija ce ta dafa.

Ya buɗe baki yana haki da gangan. Tsohon ya durƙusa, ya sa tafin hannu a haƙarƙarinsa.

"A hankali, ɗana. Ta hanci. Bari fitar ta fi shigar tsawo. Kar ka kori iskar, raka ta."

Girija tana leƙe ta taga. Ta ga kafaɗun Madhukar sun sauka, ta ga fuskarsa ta saki. Ya manta da cewa ya zo ɓata darasi ne.

Da yamma ta same shi a shago.

"Ka ji daɗin darasi, Anna?"

"Haba Girija."

"Na ce ka sa ya kore ka, ka sa ya ƙara maka abinci."

Ya ɗaure wani ƙunshin turare, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

"Tun ina yaro a zaune nake barci," ya ce. "Yanzu ina kwanciya kamar kowa. Jiya na hau matakalar dutsen Chamundi, ban tsaya ba. Ban san haka mutane suke ji ba."

"Wato ba ka son ya kore ka."

Ya ci gaba da ɗaure turarensa.

"To ka zauna da haƙarƙarinka. Ranar bikina da Jayanna kai za ka raba wa baƙi ayaba, aikin wa ne."

Ta fita. Ya kira sunanta, ba ta juya ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ya biyo ta da gudu har bakin titi, kuma ko haki bai yi ba.

A gida ta tarar da Atte ta baje zannuwan siliki a tabarma.

"Taurari sun dace, 'yata. Zo ki zaɓi launi."

"Atte, ke kika ce ya kawo faranti."

"Ni taimako na yi. Yaro mai ciwo, ga malami. Laifi ne?"

Girija ta tsallake zannuwan ta wuce.

Washegari ta shiga ɗakin koyarwa kafin ɗalibai su zo. Mahaifinta yana zaune ya harɗe ƙafafu, bayansa a miƙe kamar sanda.

"Appa, Madhukar nake so."

"Yayanki ne."

"Wa ya koya maka yoga?"

Ya buɗe ido ɗaya.

"Kin sani."

"Kakana. Mahaifin mahaifiyata. Kai ɗalibinsa ne, ka auri 'yarsa."

"Wannan daban."

"Ta ina?"

"Ni ɗalibin kirki ne."

"Appa, numfashinka ya gajarta."

Shi ya koya mata haka tun tana ƙarama, cewa baki yana iya ƙarya amma ƙirji ba ya iyawa. Ya ja iska mai tsawo don ya gyara, ta sarƙe masa, ya yi tari.

"Tun ranar da kika kawo shi na gane," ya ce. "Yaron da numfashinsa ke tsayawa duk lokacin da kika wuce da tsintsiya. Ni makaho ne?"

"To me ya sa?"

Ya kau da kai.

"Ranar aure, uban amarya yana durƙusawa ya wanke ƙafafun ango. A gaban jama'a. A gaban ɗalibaina." Ya nuna ƙafarsa. "Yaron da yake sa goshinsa a nan kullum. Mai sayar da turare. Ni, Sheshachar."

"Jayanna ma ai sai ka wanke masa."

"Jayanna ɗan ƙanwata ne, na wanke masa abin da ya fi ƙafa."

"Saboda ruwa kofi ɗaya za ka ba da ni?"

"Na gama magana."

"Kakana ya wanke taka."

"Na ce na gama."

A nan Madhukar ya shigo. Ba tabarma a hammatarsa. Bai kwanta ya taɓa ƙafa ba, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Guru, na zo sallama. Na bar karatu."

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa. In ɗalibi ba zai auri Girija ba, ni ba ɗalibi ba ne. Iyayena za su zo."

Girija ta dube shi. Ta ga kan abin shaƙar nan ya leƙo daga aljihun rigarsa, wanda ya daɗe bai ɗauko ba. Haushinta ya nemi hanyar fita ya rasa.

Tsohon ma ya gani. Ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa ƙasa ba.

"Mene ne wannan a aljihunka?"

"Ko da za a buƙata, Guru. Likita ya ce kar in rabu da shi."

"Riƙe shi, ban hana ba. Amma ƙirjin nan da ka kawo min kamar busasshiyar ƙwarya, wa ya buɗe shi? Ɓangaren hagu ma bai gama buɗewa ba. Ka tafi yanzu, damina ta zo, ka koma barci a zaune, mutane su ce Sheshachar ya fara aiki ya bari?"

"Ba yadda zan yi, Guru."

"Rufe min baki. Ta hanci."

Madhukar ya rufe baki.

Sheshachar ya zagaya ɗakin, ya dawo. Ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙafafun saurayin masu ƙurar kasuwa, ya yamutsa fuska.

"Sau ɗaya," ya ce. "Sau ɗaya tak zan wanke su. Wanda ya yi dariya cikin ɗalibai, ya nemi wani malamin."

"Appa..."

"Ke kuma je ki gaya wa Atte ta naɗe zannuwanta. A'a, bari. Ni zan gaya mata, ke ba ki da ladabi."

Atte ta yi kuka, ta yi yaji zuwa gidan ɗanta, ta dawo ana saura kwana kaɗan biki don ba ta yarda wata ta yi girkin ba.

Ranar auren, masu algaita suna busa, hayaƙin wutar ibada ya cika rumfa. Aka ajiye tasar tagulla. Madhukar ya sa ƙafafunsa a ciki yana kallon sama kamar mai jiran hukunci. Ɗalibai suka jeru a baya, kowa ya ƙura wa ƙasa ido.

Sheshachar ya durƙusa. Ya zuba ruwa. Ya wanke ta dama, ya wanke ta hagu. Sai ya riƙe ta hagun bai saki ba, ya juya ta, ya danna tafin da babban yatsa.

"Ashe nan matsalar take," ya ce. "A gefe ɗaya kake tsayuwa. Shi ya sa hagun ƙirjin ya ƙi buɗewa. Gobe da asuba ka zo."

"Appa," Girija ta ce daga ƙarƙashin furanninta, "gobe fa kwana ɗaya da aurenmu."

"To? Goben ba zai yi numfashi ba?"

Ta juya ga mijinta don ya yi magana.

"Da tabarmata zan zo, Guru, ko akwai a can?"

Girija ta ja iska ta hanci, ta riƙe, ta sake ta a hankali. Sannan ta miƙa masa hannunta.