Gurbin Haƙorin Baba

Auta tana guga a falo ta ji Mama ta kira ta da wata irin murya. Ta tarar da ita zaune a bakin gado, akwatin sarƙoƙinta a buɗe, tsohon awarwaronta na azurfa a tafin hannu yana ɗaukar ido kamar yau aka ƙera shi.

"Wa ya taɓa min wannan?"

Auta ta yi murmushi, a zatonta yabo ne ke tafe. Ta ce ita ta ɗauka a ɓoye ta kai wa Dogo, saurayinta maƙerin azurfa, wanda maganar aurensu ta riga ta yi nisa. Ya wanke shi tas, har 'yar lotsawar da ke gefe ya daidaita ta.

Mama ta laluba wurin da babban yatsa, sai ga hawaye. Ashe gurbin haƙorin marigayi Baba ne. Ranar da ya saya mata, suna sabon aure, ya ƙi yarda azurfa ce ta gaske sai da ya gatsa a gaban mai shago. Ta yi shekaru tana yi masa tsiya da wannan, bayan rasuwarsa kuma nan take shafawa idan kewa ta taso mata.

"Mutumin da zai goge abin da bai san labarinsa ba, ban ga yadda zan damƙa masa 'yata ba," in ji Mama. "Ki ce masa ya dakata da turo manyansa."

Yaya, babbar 'yar gidan, mai neman kuka ce aka jefe ta da kashin awaki. Dama can ba ta son ƙanwarta ta ƙare a hannun mai hura wuta da guduma, alhali ga abokin mijinta mai ofis da mota yana ta kewaye gidan.

Auta ta sha kuka har ta gode Allah, sannan dabara ta faɗo mata. Za ta nemo awarwaro irinsa mai lotsawa, ta ce wa Mama musanya aka yi a shagon Dogo, nata yana nan kalau.

Washegari ta shiga layin ƙananan shagunan kayan ado, inda ba ta taɓa wuce shagon Dogo ba. A na farko wata budurwa ce ke zura duwatsu a zare, idonta a kan waya, hannunta kuma bai kuskure ko ɗaya. A na gaba wani mutum da gilashi maƙale a ido ɗaya ya yi dariya har da tari da ya ji tana neman awarwaro mai gurbin haƙori. Ta ji kunya, amma ƙafarta ta ƙi juyawa gida. Ko'ina ta leƙa sai ta ga abin tambaya.

Can ƙarshen layi ta faɗa wani siririn shago na wata tsohuwa mai sayar da kayan da. Babu abin da ke ƙyalli a ciki. Tsohuwar ta zube mata faranti guda, Auta ta manta da abin da ya kawo ta. Me ya sa wannan zoben ya siraɗe ta gefe ɗaya? Mai shi tela ce, almakashi ya cinye shi. Wannan sarƙar fa da aka ɗaure da baƙin zare? Wata ce ta ƙi rabuwa da ita ko na yinin gyara. Ɗan kunne guda ɗaya kuma, wa zai saya? Tsohuwar ta ce tana jiran mai ɗayan ne, duniya ai da faɗi.

A ƙasan farantin ta sami awarwaro mai zane irin na Mama sak, sai dai ba shi da lotsawa. Ta saya, ta nufi wurin Dogo da sauri, ta ajiye masa a kan teburin aiki.

"Don Allah ka ɗan buga masa alama irin ta haƙorin nan da ƙusa. Wallahi Mama ba za ta gane kwafi ne ba."

Dogo ya ajiye guduma, ya daɗe yana kallon awarwaron. Tun jiya da ta gaya masa abin da ya faru, da gani shi ma abin yana cinsa.

"Aikin minti ɗaya ne, Auta, amma ba zan yi ba. Na goge mata na gaskiya, kuma in bar ta tana shafa ƙarya tana tuna mijinta? Gara in jira, ko da jiran zai raba mu."

Ta fita ranta a ɓace, ta kai ƙara wurin Yaya. Ita kuwa ta ga ta samu, ta ɗauki zancen da zafinsa ta kai wa Mama: wai Auta har roƙonsa ta yi da hawaye, ya ƙi taimakonta, wannan ne mai so? Mama ta tambayi roƙon me. Yaya ta zayyana mata dabarar kwafin da yadda Dogo ya ƙi yi.

Makonni suka wuce. Auta ta ba Mama haƙuri kan ƙaryar da ta so yi, ta daina kuka a gabanta, ta ci gaba da hidimar gida. Dogo bai turo kowa ba, bai kuma kira ya yi magiya ba. Rannan da hantsi Mama ta ce a kira mata shi.

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya nemi gafara, sannan ya ce a hankali, "Mama, in ba damuwa, yaya Baba ya yi da mai shagon bayan ya gatsa?"

Mama ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ba da labarin tun daga farko, har da yadda Baba ya yi kwanaki yana tauna da gefe ɗaya bai yarda haƙorin na ciwo ba. Auta ba ta taɓa jin wannan ba, kuma tun rasuwar Baba ba ta ji Mama ta yi irin wannan dariyar ba.

Da Mama ta share ido ta ce, "Hannunka ya yi gaggawa, ɗana, amma zuciyarka ba ta yi ha'inci ba. Ka turo manyanka."

Yaya ta tashi tsam ta shige kicin. Auta ta sunkuyar da kai, farin ciki ya cika ta. A ranar ta gane cewa kuskure ba ya kashe soyayya idan an bi shi da gaskiya da haƙuri, ƙaryar da ake rufe shi da ita ce ke kashewa.