Mai Riƙon Gadar Ƙarƙashin Gidanmu

Gidan burodinmu a birnin Rum yana zaune ne a kan wata tsohuwar gada ta mutanen da. Bakan dutse ɗaya, wato ginin nan mai lanƙwasa, ya rage mata, a ɗakin ƙasa inda muke ajiye fulawa. Ran nan mijina Ermete ya zare ruɓaɓɓen gungumen da ya tokare bakan.

Da na yi magana ya ce, "Nives, ke dai da tsoro! Dutsen da ya girmi kakan kakanki ne zai faɗo yau?"

Kafin asuba na sauka ɗebo fulawa, shi da yara suna barci a sama. Ƙarnin kogi ya tarbe ni, alhali an daɗe da binne kogin da gadar ta haye. Sai ga mutum tsaye ƙarƙashin bakan, ya ɗaga hannuwa ya dafe dutsen tsakiya. Ƙura na zubo masa a ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Uwar gida, an zare katakon ko?" Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Wane ne kai? Ta ina ka shigo?"

"Ni na gina ta. Dokarmu ce, in an zare katako, magini ya tsaya a ƙasa har mutane su gama wucewa ta kai. Sun ƙi gamawa." Wata babbar mota ta bi titi, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. "Na gaji. Kama mini kaɗan."

Na dubi ƙafafunsa. Ruwa na gudu a idon sawunsa, daɓen kuwa a bushe. Na juya zan ruga, sai na tuna su wa ke kwance a sama.

Ya riga ya sauke hannu ɗaya.