Baragurbi a Cikin Roba

A wani gida akwai wata yarinya, ita ce auta, saboda haka kowa Auta yake ce mata. Tana da ƙoƙari, amma tana da azarɓaɓi. In aka ce mata zauna, sai ta ce ai ta gama zaman.

Kakarta tana kiwon kaji a bayan gida. A wannan lokacin kajin sun dage da yin ƙwai. An soya, an dafa, an ba maƙwabta, duk da haka kwando bai taɓa zama fanko ba. Kaka kuwa ba ta yarda da asara. Sai ta riƙa busar da ƙwan.

Ga yadda take yi. Ta fasa kowane ƙwai a ɗan kofi, ta duba, ta shinshina, sannan ta juye a babbar roba. In ta gama sai ta kaɗa, ta zuba kaɗan-kaɗan a faranti, ta sa a injin busarwa. In ya bushe ƙamas ta niƙa, ta tankaɗe, ta ɗura a kwalba. Ranar da ake buƙata, a dama garin da ruwa, a soya shi sosai.

Baban Auta direban babbar mota ne, kuma yana shirin doguwar tafiya. Ɗanyen ƙwai ba ya jure wa hanya, amma gari ba ruwansa da gargada. Auta ta yi wa Baba alkawarin kwalba cike, aikin hannunta. Baba ya ce ya ji, yana jira.

Ranar Asabar Kaka ta miƙa mata kwandon ƙwai da kofi, ta ce ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tafi share akurki.

Auta ta fara da kofi. Can sai ta ga aikin ba ya sauri. Duk ƙwan da ta fasa lafiyarsa lau. To mene ne amfanin kofin? Ta ture shi gefe, ta shiga fasawa kai tsaye a cikin roba.

Da kwando ya ƙare, sai ta tuna da wasu ƙwai da ta gani a bayan tankin ruwa, inda wata kaza take ɓuya. Ba ta san tun yaushe suke wurin ba. Ta kwaso su don kwalbar Baba ta cika fal.

Na farko lafiya. Na biyu ta ƙwanƙwasa a bakin roba, sai ga wani baƙin ruwa ya tsiyaya a kan sauran. Wari ya cika kicin. Ko kyanwar gidan tashi ta yi ta bar wurin.

Auta ta ɗauko cokali tana ƙoƙarin kwashewa. Haka Kaka ta same ta.

"Uwar azarɓaɓi, ina kofin da na ba ki?"

"Ga shi can, Kaka. Ai ƙwai ɗaya ne kawai ya lalace. In na kwashe shi fa?"

"Baragurbi ba a kwashe shi. Abin da hancinki ya ƙi, shi za ki sa a cikin ubanki? Ɗauki robar nan."

Auta ta roƙa a bar ko rabi. Kaka ta ce ko ɗigo. Da hannunta Auta ta haƙa rami, ta juye, ta rufe, tana hawaye. Kaka ba ta dake ta ba, ba ta kuma lallashe ta ba. Ta dai ce ta je ta gaya wa Baba da bakinta.

Baba yana duba tayar mota. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce dama ya ji labarin tun daga nan, hancinsa ne ya kawo masa. Auta ta yi dariya ba ta shirya ba. Ya ce kaji ba su yi yaji ba, kuma tafiyar da sauran 'yan kwanaki.

Daga ranar, kullum da safe sai Auta ta tattara ƙwan da kaji suka yi. Ta fasa a kofi, ta duba, ta shinshina, har Kaka ta ce za ta shaƙe kwanduwar. Ta shimfiɗa shi siriri a faranti, ta jira sai da ya bushe yana karyewa a hannu.

Ranar tafiya garin bai wuce rabin kwalba ba. Auta ta miƙa tana sunkuyar da kai.

Baba ya buɗe, ya shinshina, ya rufe da kyau. "Wannan rabin zan ci hankalina kwance, 'yar Baba. Ki ajiye min sauran in na dawo."

Ya sa kwalbar kusa da kujerarsa, ba a cikin kaya ba. Auta ta tsaya tana ɗaga hannu har motar ta sha kwana.

Yara, in babba ya ce a bi aiki ɗaya bayan ɗaya, akwai dalili ko da ba ku gan shi ba. Wanda ya tsallake ƙaramin mataki don ya gama da wuri, shi ne zai koma farko.